Mece ce Fasaha? Darasi daga Duwatsun Birnin Kudu



Tambayar da aka ɗora mini yau gajeriya ce, amma amsarta ta wahalar da masana. Shi Bahaushe bai keɓe kalma guda ga wannan abu ba. Yakan ce fasaha, ko hikima, ko gwaninta, kuma da su yake yabon maƙeri da magini da mawaƙi baki ɗaya. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje na tarar Turawa sun raba sana'a da fasaha: ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta gidan ajiye kayan tarihi. Ni dai rabon nan bai taɓa gamsar da ni ba. Saboda haka, maimakon mu tsaya jayayya a kan kalmomi, bari mu tafi Birnin Kudu.

Duk wanda ya taso a Kiyako ko Gwaram ya san ƙasar nan ta duwatsu ce. A kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zane-zanen shanu, waɗansu da jan launi, waɗansu da fari. A shekarar 1955 ne Bernard Fagg, na hukumar kula da kayan tarihi, ya bincika wurin, ya kuma sanar da duniya. Na ce ya sanar, ban ce ya gano ba, domin mutanen gari ba su taɓa ɓatar da duwatsunsu ba.

To, ku lura da abu ɗaya. Shanun da aka zana ba su da tozo, alhali kuwa shanun da Fulani ke kiwo a ƙasar nan masu tozo ne. Watau mai zanen ya ga wani irin garke dabam, wanda ya riga ya gushe daga wannan yanki. Bai bar mana rubutu ba, bai bar suna ba, amma ya dubi saniyarsa da kyau har ya kama lanƙwasar ƙahonta. Irin wannan kallo na natsuwa shi ne farkon fasaha. Saniyar dutse ba ta ba da nono, ba a kai ta kasuwa. Duk da haka mutum ya niƙa launi, ya shiga kogo, ya ɓata yininsa a kanta. Me ya sa? A ganina, domin abin da ya fi ƙauna ya daɗe bayan shi. Makiyayan da suka zana shanu a Tasili, cikin hamadar Aljeriya, su ma abin da suka yi ke nan.

Sai kuma duwatsun kiɗa da ke kusa da zanen. Idan aka buga su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙararrawa, kuma bugu ya ci jikinsu har ya bar ramuka. Babu wanda ya sassaƙa su. Wani ne ya saurara, ya ji murya a inda kowa ke ganin dutse kawai. Ashe mai fasaha ba lalle ne ya ƙera sabon abu ba. Wani lokaci kunne kaɗai ya fi mu.

Na san wani ɗalibi zai ce, "Malam, ina ruwan mai neman abinci da zanen kogo?" Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Amma ya tuna cewa littattafan tarihinmu, irin su Tarihin Kano, labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe suka fi bayarwa. Labarin makiyayin da ya zauna nan a wancan zamani, zanen nan ne shaidarsa. An sanya wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa, amma doka ba ta hana ruwa da rana cin launi, ba ta kuma riƙe hannun yaron da ya zo da gawayi zai rubuta sunansa a kan saniyar. Yaron nan a makarantunmu yake, kuma yawancinku da ke zaune nan ku ne za ku koyar da shi.