Karatun Jikin Leda: Jawabi ga Malaman Reshen Kunci



Mu mutanen Kunci mun san geronmu da dawarmu tun suna gona. Amma biskit da taliya da garin lemo da ake sarowa daga Kasuwar Singa, waɗanda ɗalibanmu ke saye a bakin makaranta, ba mu da wata shaida a kansu sai rubutun jikin leda. Rubutun nan da Turanci yake, kuma a ƙauyukanmu malami ake kawo wa takarda ya karanta. Ashe nauyin a wuyanmu yake.

Abu huɗu za mu duba. Na farko, lambar rajistar NAFDAC. Na biyu, ranar ƙarewar wa'adi. Na uku, jerin kayan haɗi, wanda ake farawa da abin da ya fi yawa. Idan sukari ne kan gaba, alewa muka saya, kowane suna aka laƙaba mata. Na huɗu, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, yaro kuma ƙasa da haka. A leda sodiyam ake rubutawa; mu ninka adadinsa sau biyu da rabi, sai mu sami gishirin.

Roƙonmu shi ne kowannenmu ya sa ɗalibansa su tsinto ledoji zuwa darasin lissafi. Yaron da ya iya wannan lissafi zai kai shi gida, ga mahaifiyar da ke jefa dunƙule a miya sannan ta ƙara gishiri.

Allah Ya ba mu lafiya da zuriyarmu.