Fanshon 'Yan Mazan Jiya da Aikin da Ke Kan Ikkilisiya

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiyoyinmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



Karatunmu na yau yana cikin littafin Esta sura 6. Wani dare barci ya ƙi zuwa wa sarki Ahasurus, sai ya sa aka ɗauko littafin tarihin mulkinsa ana karanta masa. A ciki aka tarar cewa Mordekai ya taɓa tona asirin waɗansu fadawa biyu da suka ƙulla su kashe sarki. Da sarki ya bincika, sai ya iske ba a sāka wa mutumin nan da kome ba. Ku lura da abu ɗaya. Allah ne ya hana sarki barci, amma da ba a rubuta aikin Mordekai an ajiye ba, da babu abin da za a karanta a daren nan.

Muna da irin Mordekai a majami'unmu. Su ne tsofaffin nan masu zama a bencin gaba, waɗanda suka yi wa ƙasar nan yaƙi, suka nemi fansho, aka ce ba su cancanta ba.

Maganar ta daɗe. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun kwashi samari daga ƙasar Hausa zuwa Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Bayan 1945 aka sallami yawancinsu da ɗan kuɗin sallama, suka koma gona. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi wa Faransa soja sun ga nasu: a 1959 Faransa ta yi doka ta tsayar da fanshon sojojin ƙasashen da ta yi wa mulki a wuri ɗaya, na Faransawa kuwa yana ta hawa. Sai daga 2007 zuwa 2011 aka daidaita, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. 'Yan Bama ma kusan duk sun tafi.

Waɗanda suka rage mana su ne na yaƙin basasa, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli 1967, aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Kafin yaƙin sojan Najeriya wajen 10,000 ne, da aka gama sun kai wajen 250,000. An ɗauki mutane cikin gaggawa, horo na 'yan makonni, sai bakin daga. Daga baya, a mulkin Janar Murtala da na Janar Obasanjo, aka shiga rage yawan soja. Yaron da ya shiga yana da shekara 18 a 1968, yau ya kusa tamanin.

Me ya sa ake ƙin biyansu? Dalilai uku na fi gani.

Na farko, yawan shekarun aiki. A ƙarshen shekarun 1970 ka'ida ita ce sai mutum ya cika shekara 15 kafin ya sami fansho. Wanda ya shiga a 1968 aka sallame shi a 1979 yana da 11 kaɗai, saboda haka kuɗin sallama ya karɓa sau ɗaya. A 1992 gwamnati ta rage sharaɗin zuwa shekara 10, amma waɗanda suka fita kafin lokacin suna kuka cewa gyaran bai waiwaye su ba.

Na biyu, takardu. Gara ta ci waɗansu, ruwa ya ci waɗansu. A 'yan shekarun nan kuma kun san abin da 'yan bindiga suka yi mana, tun kafin a kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020. Wanda ya gudu cikin dare yana jan jikoki, ba ya tsayawa neman takardar sallama a ƙasan akwati.

Na uku, suna, kuma wannan ya fi shafarmu. Saurayi ya shiga soja da sunan gida, Ɗan'asabe ko Tanko, daga baya ya yi baftisma ya zama Bitrus ko Ishaya. Katin ɗan ƙasa da asusun banki na ɗauke da sabon suna, fayil ɗin soja na ɗauke da tsohon. Tsohuwar takarda ta ce Jihar Arewa ta Tsakiya ko Jihar Kaduna, gama sai 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Kwamfuta ba ta san labarin tuba ba, mutum biyu take gani. Gwauruwa kuma da aka ɗaura aurenta a ƙauye ba takarda, da me za ta nuna ita ce matar marigayi?

A Janairu 2022 da Disamba 2024 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja saboda bashin haƙƙinsu. Yawancin waɗannan sunansu yana cikin lissafi. To, ina ga tsohon da ke wani ƙauye bayan Faskari, wanda ko kuɗin mota zuwa Funtuwa ba shi da shi?

'Yan'uwa, a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana mantawa da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su tsaya ga ba da haƙuri ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka ɗora musu aikin. Ina roƙo mu bi wannan gurbi.

1. Kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu aminci, su rubuta sunan kowane tsohon soja da kowace gwauruwar soja: lambar soja, bataliya, shekarar shiga, shekarar fita, da dalilin sallama. Tsoho yakan manta shekarar haihuwarsa, amma da wuya ya manta lambarsa. A tambaya ko rauni ne ya sa aka sallame shi, gama doka ta yi wa irin wannan tanadi dabam.

2. Matasa su ɗauki hoton kowace takarda da waya, a yi kofe, a ajiye ɗaya a hedkwatar ikkilisiya cikin gari.

3. Fastoci mu buɗe littattafan baftisma da na aure. Inda suna ya bambanta, a raka dattijo kotu ya yi takardar rantsuwa, a haɗa da wasiƙar ikkilisiya da ta mai gari.

4. A bi hanya. A fara da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion a jiha. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja, Hukumar Fansho ta Sojoji tana Abuja. A ware kuɗin mota daga baiko, kuma kada tsoho ya yi tafiya shi kaɗai.

5. Ƙananan hukumominmu uku ɗan Majalisar Wakilai ɗaya gare su. Waɗanda ka'idar shekaru ta tsare, gyaran doka ne kaɗai zai fisshe su. Mu rubuta koke ɗaya mu kai masa, tare da sunayen maƙwabtanmu Musulmi da ke cikin wannan hali. A rami ɗaya suka kwana da iyayenmu a bakin daga, harsashi kuma bai tambayi addinin kowa ba.

Ga gargaɗi. Kada mu ƙara wa kowa shekara ko ɗaya a takarda, kada mu ba da cin hanci, kada mu miƙa takardun asali ga mai cewa yana da hanya a Abuja. Sunayen bogi da aka cusa cikin lissafin fansho suna cikin abin da ya sa tantancewa ta yi tsanani, har mai gaskiya yana shan wahala. Kada kuma mu yi wa tsofaffi alkawarin abin da ba ya hannunmu. Waɗansu za a biya su, waɗansu ba za a biya ba. Wanda gwamnati ba ta biya ba, buhun masara da kuɗin magani suna wuyanmu, gama shi ubanmu ne.

Ranar 15 ga Janairu kowace shekara ake tunawa da 'yan mazan jiya. Bari kowace ikkilisiya ta kawo jerin sunayenta kafin ranar ta zagayo, a karanta su a sujada tun masu su suna ji da kunnensu.

Allah na salama ya ta'azantar da iyayenmu, ya ba shugabanni zuciyar adalci, ya maido da zaman lafiya a ƙauyukanmu. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.