Basirar Gane Aikin Allah a Lokacin Tsanani, Bisa Abin da Ya Auku a Arlit

Ya shugaban wannan zama, iyayena fastoci da limamai, malamaina, da 'yan'uwa maza da mata, ina neman afuwa tun da fari, domin mas'alar da aka ɗora mini, watau yadda mai bin Almasihu zai gane hannun Ubangiji a cikin musiba, mas'ala ce wadda ta gagari waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru, kuma da akwai hanyar zillewa da na bi ta.

Zan ɗauko zancen daga Arlit, garin da babu shi a bayan ƙasa kafin 1969, wanda ba rijiya ta kafa shi ba, ba kuwa zangon ayari, kamar yadda aka saba a ƙasar Abzin, sai dai wani ma'adini da Allah Ya binne a ƙarƙashin hamada tun kafin a halicci mai haƙa shi. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978, sai jama'a suka yi ta kwarara daga kudu da ƙasashen maƙwabta, a cikinsu har da 'yan tsirarun Kiristoci waɗanda neman abinci ya kai su can, suka kafa majami'unsu a tsakiyar al'ummar da kusan ɗaukacinta Musulmi ce. A shekarun wadata, sa'ad da ake yi wa garin kirari da Paris ta biyu, ba wanda ya wahalar da kansa da irin tambayarmu ta yau, gama ɗan Adam ba ya bincike a kan alheri, karɓa kawai yake yi. Da al'amura suka juya, aka ga tawaye a shekarun 1990 da kuma 2007, aka sace mutum bakwai daga gidajensu a daren 16 ga Satumba 2010, aka tayar da bam a ma'aikatar SOMAÏR ranar 23 ga Mayu 2013, aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, sai masu tawili suka yawaita, kowa da fassararsa: wannan ya ce azaba ce saboda zunubin gari, wancan ya ce alamar ƙarshen zamani ce.

Akwai mako guda wanda, a ganina, ya isa ya ladabtar da harshen duk mai saurin fassara. Ranar 29 ga Oktoba 2013 aka sako Faransawa huɗu na ƙarshe daga cikin waɗanda aka sace a Arlit, bayan sun shafe fiye da shekara uku a hannun masu garkuwa, aka yi murna a Yamai da Paris, kuma wajibi ne a yi ta. Amma a cikin kwanakin nan ne aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, 33 mata, akasarinsu talakawan yankin Kance a jihar Damagaram, waɗanda suka taso daga Arlit suna nufin Tamanrasset, motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. To, wanda ya tsaya a kan mumbari ya ce kuɓutar mutum huɗu hujja ce ta yardar Allah gare su, me zai ce game da 92, alhali kuwa ƙasa ɗaya suka taka, rana ɗaya ta gasa su? In ya ce laifinsu ne, ya zama ɗaya daga abokan Ayuba, waɗanda Allah da kansa Ya tsauta musu a ƙarshen ƙissar domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, ko da yake da niyyar kare Shi suka yi magana. Almasihu ma, da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya haɗa da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutane zunubi, ya mai da tambayar kan masu tambaya.

Sau da yawa nakan tuna da Hajaratu, wadda ruwan salkarta ya ƙare a jeji, ta ajiye Isma'ilu a gindin wani ɗan itace, ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa, har Allah Ya buɗe idonta ta ga rijiya. Ƙissa ce mai sanyaya zuciya, amma ba zan ɓoye muku ba, matan Kance ba su ga rijiya ba, kuma duk wa'azin da ya tsallake wannan gaɓar ha'inci ne ga masu sauraro. Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne abin da ya bambanta aƙidarmu, watau gicciye: duk wanda ya tsaya a Golgota ran Jumma'ar nan ya yi hukunci da zahiri, lalle da ya ce Allah Ya janye hannunsa, alhali a baɗini a nan ne aikinsa mafi girma yake gudana, kuma wanda ke rataye a kan itacen shi ma ya yi kukan ƙishirwa. Tun da kuwa Almasihu ya riga ya gaya wa almajiransa cewa abin da aka yi wa mai ƙishi da baƙo shi aka yi wa, to mai neman sanin inda yake a wancan mako ba ya bukatar dogon ƙiyasi. Sojoji da mutanen garin da suka bi sawu cikin rairayi, suka tattara gawawwakin da rana da namun jeji suka ɓata, suka yi musu sutura gwargwadon iko, aikin jinƙai na Allah suka yi, ko da ba 'yan majami'armu ba ne. Kada kuwa wannan ya dame mu, domin Annabi Ishaya bai ji nauyin kiran Sairus, sarkin Farisa, shafaffe na Ubangiji ba.

Wani kuskuren kuma, wanda ya fi saurin fassara kama da tawali'u, shi ya sa ya fi shi haɗari, shi ne jingina wa ƙaddara abin da hannun mutum ya aikata. A 2009 masu bincike na ƙungiyar Greenpeace sun auna wasu titunan Akokan suka tarar da tururin guba wanda ya zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba, kuma tarin dusar ma'adinin da COMINAK ya bari ya kai kimanin tan miliyan 20. Mutumin Arlit, Almoustapha Alhacen, ya daɗe yana faɗakarwa a kan wannan ta hanyar ƙungiyarsa Aghirin'man. Fasto ko limamin da ya ga ana ƙera tukunya da ƙyauren ɗaki da tsohon ƙarfen ma'adini, ya ce wa mutane su yi tawakkali kurum, ya ɗora wa Allah alhakin da ba nasa ba. Tawakkali na bayan ɗaure raƙumi ne, kamar yadda maƙwabtanmu Musulmi suka sani sarai.

Saura batun lokaci. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, bai kuwa furta cewa Allah Ya juya muguntar 'yan'uwansa ta zama alheri ba sai bayan fiye da shekara ashirin, kuma ku lura, shi da aka jefa a rijiya ne ya faɗa, ba waɗanda suka jefa shi ba, ba kuma wani ɗan kallo ba. Saboda haka idan magidancin da ya rasa aikinsa a Akokan, ya koma haƙar zinariya a Tchibarakaten ko ya mai da iyalinsa Maraɗi, ya zo wata rana ya ce ya ga hikimar Allah a cikin abin da ya same shi, sai mu ce amin. Amma mu da albashinmu bai yanke ba, ba mu da izinin riga shi faɗa. Haka nan al'amuran da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙwace lasisin ma'adinin Imouraren daga hannun kamfanin Orano a Yuni 2024, da mai da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yuni 2025: na ji masu cewa 'yantarwa ce daga Sama, na ji masu cewa jarrabawa ce, ni kuwa ina ganin abincin bai nuna ba tukuna, kuma ma'aunin da zan riƙe shi ne ko ruwan da yaran Akokan ke sha zai tsarkaka, ko tsofaffin ma'aikata masu ciwon ƙirji za su sami mai duba su.

A halin yanzu, kilomita 15 daga Assamaka, akwai wurin da ake sauke baƙin da Aljeriya ta koro, su taka da ƙafa zuwa gari, daga nan a wuce da su Arlit. Ina roƙon wannan zama, kafin a tashi, a tattauna yadda majami'un jihar Agadas, Katolika da na Bishara, za su haɗa hannu da masallatan unguwanninsu a kan ruwan sha da makwancin waɗannan bayin Allah.