Taya ma tana da takardar haihuwa

Jawabi don ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Magarya da Dungas

 

Maganar yau ta tayar mota ce. Wani zai ce mi ya haɗa manomi da taya? To, wanda bai da mota yana hawan ta wani. Ranar Alhamis motoci suna fita daga ƙasar Dungas zuwa kasuwar Maigatari, shaƙe da mutane da bisashe. Raken Waca da na Bande a mota yake zuwa Damagaram. Mace mai naƙuda a amalanke ake kai ta likita. Dukkansu a bisa taya suke.

Tayoyi da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu na hannu ne, waɗanda ake kira ɗan Kwatano. Sun riga sun yi aiki a wata ƙasa. Mai sayarwa yana wanke su, ya shafa musu abin da zai sa su ƙyalli. Ido kaɗai ba ya gane tsohuwa. Amma kowace taya tana da rubutu a gefenta, kuma rubutun ba ya ɓoye kome. Wanda ya iya karatu, ba a yi masa wayo a nan.

A fara da shekaru. A nemi haruffa uku: DOT. A bi layin har ƙarshensa. Can akwai lambobi huɗu a haɗe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 3518, an yi tayar cikin sati na 35 na shekarar 2018, wato ƙarshen watan Agusta. Idan ba a ga lambobin ba, a juya tayar, suna ɗaya gefen. Idan lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000. Wannan ta masu yanka takalmi ce.

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana tana busar da ita, ta tsattsage kamar dunduniya da hunturu. Kamfanin Michelin ya ce taya in ta kai shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta yana da kyau. A zafin watan Afrilu da Mayu na ƙasar nan, mai hankali ba zai jira goma ta cika ba.

Sai kaya. Akwai babban rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne da milimita. Lamba 15 girman ƙarfen da take hawa ne. Amma 91 ita ce abin lura. Ma'anarta, tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615. Lamba 82 kilo 475 ne, lamba 100 kuwa kilo 800. Taya huɗu masu 91 za su ɗauki kilo 2.460, kuma a ciki har da nauyin motar kanta, wanda ya fi tan ɗaya. Yanzu a ƙidaya mutum tara, da buhun gero biyar masu kilo 100, da raguna a bisa. Nauyi ya wuce. Tayar za ta yi zafi a kan kwalta, wata rana ta fashe. Sai a ce tsautsayi. Motar da ke jigilar mutane da buhunna tana son taya mai harafin C a bayan lambar girmanta, kamar 195 R15 C. An yi ta don kaya.

Harafin ƙarshe na gudu ne: H kilomita 210 a awa, V kuma 240. Matasan direbobi suna son irin waɗannan tayoyi masu faɗi da gajeren gefe. Gaskiya suna riƙe kwalta, mota ba ta zillewa a kwana, birki yana ci da wuri. Sai dai robarsu tana da laushi, tana cinyewa da sauri. Kuma gajeren gefe ba ya jure rami. Wa zai yi gudun 210 a hanyar Malawa ko Dogo-Dogo? Hanyar burji da rairayi tana son taya mai tsawon gefe, mai kauri.

Wata tayar tana da hoton dutse mai kai uku da ɗan fure a ciki. Wannan alamar dusar ƙanƙara ce. An yi ta don sanyin Turai. A nan zafi yana cinye ta tun ba a mori kuɗinta ba. Ana samun ta da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado.

Maganar ƙara kuma iri biyu ce. Taya mai manyan haƙora tana kuka a kan kwalta, halinta ne, kuma ita ce ke fid da mota daga laka da damina. Amma tayar da da ba ta kuka, yanzu ta fara, tana faɗin wani abu. Ko ta ci gefe ɗaya, ko boris ya mutu. A kai wa makanike ya duba.

Cikin kwarin zanen taya akwai ƴan tudu ƙanana. Tsawonsu milimita 1,6. In zanen ya suɗe ya yi daidai da su, tayar ta gama aikinta a mota. Ranar ruwa za ta sulɓe. A shafa gefenta kuma da hannu. In akwai ƙullutu, zaren ciki ya tsinke, faci ba ya gyara shi.

Iska da safe ake auna ta, kafin taya ta yi zafi. Direba yakan rage iska don ya haye rairayi, wannan daidai ne. Laifin shi ne ya hau kwalta bai mayar da ita ba. Taya mai ƙarancin iska ita ce ta fi saurin yin zafi.

Tayar da mota ta bari tana iya yi wa amalanke aiki, tun da sa da jaki ba su gudu. Ko a nan a karanta lambar kaya, don ƙafa biyu ce kawai ke ɗauke da nauyin duka.

Aikin wannan sati: kowa ya duba tayar amalanken gidansu ko ta maƙwabci. Ya rubuto lambobi huɗu na haihuwarta a littafinsa, ya kawo wa malam. A aji za a lissafa shekarunta a allo.