JAWABIN KWAMITIN AIKI A KAN GOGE KATAKON LAKWAL DA NA MASALLACI

Dattawa iyayenmu, malamai, da ƴan'uwa ƴan ci-rani da takardar nan za ta iske a Kano, Legas, Agadas ko Abijan, muna gaishe ku, muna yi muku ban gajiya.

Kun san manyan katakan da kuɗin ƙungiya suka saya sun iso Maijirgi, suna jibge a inuwa. Fallaye ne masu fāɗi da kauri, na teburan lakwal da ƙyauren masallaci. Yanzu saura gyara fuskarsu. To, a nan magana ta rabu biyu. Waɗansu samari sun ce a sayi garanda, injin nan da maƙeran walda ke yanka ƙarfe da shi, a ɗaura mata faifan guga a gama cikin kwana biyu. Mu ƴan kwamiti mun zauna da kafintocin garin nan, mun ga kada a yi haka. Ga dalilanmu, ku auna.

Da farko a san abin da samfefa take yi da abin da ba ta yi. Samfefa, wadda masu Faransanci ke kira papier de verre, takarda ce ko ƙyalle da aka manna wa tsakuwa mai kaifi. Karce take yi. Mai manyan tsakuwa tana barin babban karce, mai ƙanana ta zo ta share shi ta bar ƙarami, har ido ya daina gani. Amma ba ta miƙe katakon da ya lanƙwashe. Idan falle yana da tudu da kwari, samfefa za ta bi tudun ta bi kwarin, a ƙare da katako mai santsi wanda ƙwaryar fura ba ta zama daidai a kansa. Miƙewa aikin ƙarfen shafe katako ne, wanda ake kira rabot. A aza doguwar sanda miƙaƙƙiya bisa fallen, a duba inda haske ke ɓullowa ta ƙarƙashinta, a yi wa tudun alama, a shafe shi. Sai an gama wannan sannan a taɓa samfefa.

Dattawa za su ce, da can me masassaƙa suka yi? Gaskiya ne. Da gizago da wuƙa aka sassaƙa turamen ƙirya da allunan aduwa da muka yi karatu da su, ƙotar hauya kuwa da fasasshiyar kwalba ake kankare ta har ta yi sumul. Ba mu raina wannan ba, kwalbar ma za ta yi mana amfani a wurin ƙulli. Sai dai allo kamu biyu ne, fallen tebur kuwa ya fi tsawon mutum. Itacen kuma ba namu ba ne. Daga dazuzzukan kudancin Nijeriya ake kawo irin wannan, don gawo da sauran manyan itatuwan gonakinmu ba a sare su sai da iznin ma'aikatan gandun daji, dokar 2004 tana nan. Falle ɗaya in ya ɓaci, babu inda za mu shiga daji mu sake shi.

Yanzu maganar lamba, wadda ita ce muka fi so ƴan ci-rani su riƙe. Ku juya bayan takardar, za ku ga lamba, sau da yawa da harafin P a gabanta, wato awon ƙasashen Turai. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. Lamba 40 da 60 masu ci ne ƙwarai, ba a sa su sai inda zarto ya bar haƙora masu zurfi. Fallen da rabot ya bi da kyau, a fara shi da 80. Daga nan 120, sannan 150 ko 180. A nan za mu tsaya. Lamba 220 ta ɗan shafawa ce tsakanin shafi na farko da na biyu na berni, man nan mai ƙyalli. Wanda ya kawo mana 400 ko 600 ya kawo ta masu fentin mota, kuɗinsa sun tafi a banza.

Kada a tsallake daga 80 zuwa 180 don a rage kuɗi. Ƙananan tsakuwa ba su iya cinye karcen manya, sai dai su goge bakinsa ya ɓuya. Ranar da aka shafa berni duk zai fito kamar zane a fuska. Kuma lambar farko ita ce ke cin lokaci da takarda, don haka a saye ta ninki biyu na sauran.

Irin tsakuwar ma da bambanci. Akwai mai ruwan rawaya, mai arha, wadda ta fi yawa a tebur a kasuwa. Ba ta jure jan katako, shafa kaɗan ta zube. Mai ruwan ƙasa ko ja-ja ita ce ta itace, ta fi tsada amma tana daɗewa. Baƙa, wadda ake jiƙawa da ruwa, ta ƙarfe ce da fenti. Idan an samu mai bayan ƙyalle da ake aunawa da mita, ta fi ta takarda, ba ta yagewa. Gwajin da kafintoci suka nuna mana mai sauƙi ne: a naɗe kusurwa, a murza da babban yatsa. In tsakuwa ta zubo a tafin hannu, a mayar wa mai kanti abinsa. Wadda ta kwana cikin laimar damina ma haka take yi, mannin ya saki.

Mu koma ga garanda. Ƙaramarta tana juyawa wajen sau 11.000 a minti ɗaya, kuma gefen faifan kaɗai ke taɓa itace. Hannu ya ɗan tsaya, ta haƙa rami. Ta daɗe wuri ɗaya, ta ƙona. Zanenta kuma zagaye ne, yana ratsa jijiyar itacen. A kan kujerar tsugunno babu laifi. A kan fallen da ƙungiya ta yi shekara tana tara kuɗinsa, ba mu yarda ba.

Injinan da aka yi don wannan aiki iri biyu ne. Akwai mai ɗamara, wanda samfefarsa ke gudu kamar bel, shi ne na aikin fari a kan babban falle, amma shi ma yana son hannun da ya saba. Akwai mai faifai na milimita 125 wanda ke juyawa yana karkarwa, shi ba ya haƙa rami, yaro mai hankali ma zai riƙe shi. Wanda Allah ya hore wa zai aiko da ɗaya, ya aiko da na biyun. Amma ya haɗo da faifansa masu yawa na kowace lamba, don ba mu so inji ya zo ya kwanta a ɗakin ajiya saboda rashin faifai. Ya kuma duba jikinsa: wutarmu ta 220 ce, kayan gwanjo na Amurka kuwa na 110 ko 120 ne, ana sa su suna ƙonewa.

In inji bai zo ba, ba za mu jira shi ba. Gayya za mu yi. Kowane saurayi a ba shi guntun katako mai shafaffen ciki, kamar tafin hannu, ya naɗe samfefa a kai. Kada a goga da yatsu tsirara, suna bin laushin itace su bar kwari. A bi jijiyar itacen, tsawo zuwa tsawo, ban da gicciye. Kafin kowace lamba a zazzana fallen duka da fensir, idan zanen ya ɓace ko'ina, lambar ta gama aikinta. A share ƙurar sarai kafin a ɗauki ta gaba, tsakuwa ɗaya ta 80 da ta saura tana ɓata aikin 180. Da hantsi ko da la'asar a karkata fallen ga rana a duba, hasken gefe yana tona abin da na tsakar rana ya rufe. Kafin lambar ƙarshe a shafa ƙyalle mai ɗan laima, a bari ya bushe. Gashin itacen zai miƙe, a kwantar da shi da shafa mara ƙarfi.

Farin katako mai taushi ne, a yi masa a hankali. Jan katako, dangin maɗaci, jijiyarsa a sarƙe take, rabot na fizgar ta, shi zai fi cin 80.

Abu biyu kuma, iyayenmu. Na ɗaya, fallayen nan daga ƙasar ruwa suka fito. A bar su a jere a inuwa, da ƴan sanduna tsakaninsu, su sha iskar hunturu tukuna. Wanda aka goge ɗanye zai murɗe daga baya, aikin ya koma sabo. In an zo shafa berni, a shafa ciki da baya da bakin yanka, in ba haka ba gefe ɗaya ya sha laima ya bar ɗaya, tebur ya yi ƙusumbi. Na biyu, ƙura. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar itace cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji, na cikin hanci musamman, ƙurar loko kuma an san tana tada asma. A yi aikin a fili, iska na bayan mai guga, kowa da abin rufe hanci na gaske. Rawani bai isa ba. Ƴan makaranta kada su zo kallo.

Abin da muke roƙon taro ya yanke yau: a janye maganar garanda, a ba ma'aji izni ya tura kafinta ɗaya Tasawa, in bai samu mai kyau ba ya wuce Maraɗi, ya sayo 80, 120 da 180, da ƴar kaɗan ta 220. Shugabannin samari na kowace unguwa su kawo sunayen masu gayya kafin Juma'a mai zuwa. Masu aiko da kaya daga waje su rubuta lambar a bayan ƙunshin, su damƙa wa sakatare.