Baƙon Dauro da Ɓeran Ɗakin Bincike



Duk uwar da ta yi reno a Kazaure ko Ɓaɓura, ko Roni ko Gwiwa, ta san baƙon dauro, watau ƙyanda, ta kuma san yakan sauka ne daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Likitoci sun daɗe da lura cewa yaro yakan tashi daga ƙyanda, amma bayan 'yan watanni ciwon huhu ko gudawa su kwantar da shi. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana dalilin haka, da irin taimakon da ɓera ya yi wajen gano shi.

Ƙwayar ƙyanda ta numfashi take shiga. Da zarar irin wannan ƙwaya ta shigo, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda aka gano a London a 1957. Aikinsa shi ne yin yekuwa, kowa ya ƙulle ƙofarsa. Ita kuwa ƙyanda tana da sinadaran toshe bakin mai yekuwar nan a jikin ɗan'adam.

To, ba a gwada cuta a kan ɗan mutum, ɓera kuwa ƙyanda ba ta kama shi. Saboda haka a 1998 masana a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka dasa wa ɓeraye ƙwayar gadon ɗan'adam mai yi wa cutar ƙofa, suka kuma cire musu abin jin yekuwar intaferon. Da aka ɗiga musu cutar a hanci, sai ta bazu a huhunsu. Ashe dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A shekara ta 2000 masana a Jami'ar Kiyushu ta Japan suka gano babbar ƙofar da ƙyanda ke bi, watau SLAM, wadda ke jikin dakarun garkuwa su kansu. A 2007 suka samar da ɓeraye masu wannan ƙofa, aka ga cutar tana hayayyafa a kaluluwarsu. Baƙon nan ke nan masu gadin gida yake fara ci.

Daga bisani, a 2019, binciken da aka yi kan yara 77 marasa riga-kafi a ƙasar Holan ya nuna ƙyanda ta shafe kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na makaman da jikinsu ya tara. Watau jiki yakan manta da cututtukan da ya riga ya sani. Allurar ƙyanda kuwa, wadda aka fara a 1963, ba ta jawo wannan mantuwa.

Don haka iyayen da suka kai ɗansu asibiti a wata tara, suka koma a wata goma sha biyar, ba ƙyanda kaɗai suka tsare masa ba. Allah ya raya mana zuriya, amin.