Ansel Adams, hotunan sama da burtalanmu: jawabi a zaman manoma da makiyaya na Bader Gula

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan hoto. Na san wani zai ce, muna cikin zancen gona da burtali, me ya kawo mai hoto? Ku ɗan yi mini haƙuri.

Mutumin da zan fara da shi Ba'amurke ne, sunansa Ansel Adams. An haife shi a San Francisco a 1902, ya rasu a 1984, shekarar da mu nan muke cikin yunwar da manyanmu ke kira El Buhari. Aikinsa ɗaukar hoton ƙasa, baƙi da fari: duwatsu, koguna, gajimare, itatuwa, musamman a kwarin Yosemite da ke jihar Kalifoniya. Kyamararsa irin babban akwatin nan ce mai ƙafa uku, wadda mai hoto ke lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, kuma lokacin ƙuruciyarsa har jaki ya yi masa dakon kaya zuwa kan duwatsu. Shi da abokinsa Fred Archer suka tsara hanyar auna haske mataki 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, don mai hoto ya san yadda hotonsa zai fito tun bai danna ba.

Amma ni abin da ya ja hankalina gare shi shi ne abin da ya yi da hotunan. Shekara 37 ya yi cikin shugabannin ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club, daga 1934 zuwa 1971. A 1936 ya ɗauki hotunansa ya tafi Washington, yana nuna wa ƴan majalisa wani yanki da ake kira Kings Canyon, yana roƙon a kare shi. A 1938 ya fitar da littafin hotunan duwatsun Sierra Nevada, littafin ya kai hannun minista Harold Ickes, daga nan ya kai ga shugaba Franklin Roosevelt. A 1940 aka yi dokar da ta keɓe yankin. Mutane da yawa sun yi wannan gwagwarmaya, ba shi kaɗai ba. Sai dai yawancin masu yanke hukuncin ba su taɓa taka wurin ba, a takarda suka gan shi. To mu ma, masu yanke hukunci kan filayenmu a Maradi da Yamai, nawa ne cikinsu suka taɓa kwana a kwarin Tarka?

Yanzu ga inda na rabu da shi. Ka duba sanannun hotunansa na Yosemite, da wuya ka ga ɗan Adam a ciki. Sai ka ce ƙasa ce da ba a taɓa zama ba. Alhali wurin yana da mutanensa, ana kiransu Ahwahneechee. A 1851 wata runduna ta shiga kwarin ta kore su, waɗanda suka dawo suka ci gaba da zama a takure, kuma a 1969 aka rushe ƙauyensu na ƙarshe, Adams yana raye yana kan aikinsa. In za a yi masa adalci, ya ɗauki hoton mutane a wani wurin: a 1943 ya je sansanin Manzanar, inda gwamnati ta tsare Amurkawa ƴan asalin Japan lokacin yaƙin duniya na biyu, ya nuna halin da suke ciki. Amma abin da duniya ta riƙe daga gare shi dutse ne da babu kowa a gindinsa.

Wannan irin hoto a wurinmu haɗari ne, kuma ina so matasa su ji da kyau. Ka je makiyaya a tsakiyar rani, dabbobi sun yi kudu, tabki ya ƙafe, ƙarangiya ta bushe, ka ɗauki hoto. Me zai nuna? Fili fayau, babu mai shi. Irin hoton da mai kuɗi ke so ke nan, wanda ke neman ya kewaye dubban eka da waya ya ce garkensa ne kaɗai. Hoton bai yi ƙarya ba, wallahi, amma ka dawo wurin a watan takwas ka ga shanu nawa, raƙuma nawa, rugage nawa. Wanda ya zaɓi ranar ɗaukar hoto ya riga ya zaɓi abin da hoton zai faɗa.

Bari in dawo gida, domin mu ma hoto baƙi da fari ya taɓa yi mana shaida. A 1975 an ɗauki hotunan ƙasar nan daga jirgin sama. Bayan kusan shekara 30 wani masani na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Gray Tappan, ya ɗauko tsofaffin hotunan ya jera su da sababbi na wurare ɗaya, ciki har da ƙauyen Galma a jahar Tawa. A tsohon hoto itatuwa ɗai-ɗai ne kamar an yayyafa. A sabon, gonaki cike da ɗigo-ɗigon baƙi, kowane ɗigo itace. Shi da Chris Reij da masu bincike na Nijar suka bi diddigi, suka ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, yawanci a jahohin Maradi da Damagaram. Ba gwamnati ta dasa su ba. Manoma ne suka daina sare tohon kututture, suka bar gawo da kalgo da sabara da aduwa su tashi, abin da muke kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maradi tun 1983. Shekara 20 talakawa suna wannan aiki, manyan rahotanni kuwa suna ta cewa hamada na cinye mu. Sai da aka ajiye hoto kusa da hoto aka yarda. Hoto ɗaya da bai isa ba; na biyun, a wuri ɗaya bayan shekaru, shi ya yi maganar.

Dokoki kam muna da su. Dokar 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, kuma iyakar ta ratsa yankinmu. Kundin dokar karkara na 1993 ya kawo hukumomin filaye, Kofo ɗin nan da muka sani, daga ƙauye zuwa komin zuwa gunduma. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta kuma hana mutum ya mallake makiyaya shi kaɗai. Amma in rigima ta tashi, manomi ya ce gonar nan tun kakansa, makiyayi ya ce burtalin nan da ya fi haka faɗi sau biyu, sai a koma rantsuwa, dattawan da suka san iyaka kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mun san inda irin wannan gardama kan kai. Ba mu manta Toda ba, a 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100.

Shawarata ke nan. Kusan kowane saurayi a nan yana da salula mai kyamara. Kowane ƙauye da kowace ruga su zaɓi wurare kaɗan, ko biyar ne: bakin burtali, mashaya, rijiyar makiyaya, wurin da gona ta haɗu da makiyaya. A nemi alama da ba ta gusawa, turken siminti ko bakin rijiya ko tsohon gawo, a tsaya nan, a fuskanci gefe ɗaya, a ɗauka sau uku a shekara: tsakiyar damina, bayan sakin gonaki, da ƙarshen rani. Kuma a bar mutane da dabbobi su fito a ciki, da izininsu, musamman mata, kada a ɗauki kowa bai sani ba. Abin da na fi nacewa a kai, manomi ɗaya da makiyayi ɗaya su je tare, don gobe kada wani ya ce hoton ɓangare ɗaya ne.

Salula tana faɗawa rijiya, ana sace ta, kati yana lalacewa. Saboda haka a wanke hotunan a takarda, ko baƙi da fari ne ya isa, ya ma fi araha. A rubuta a bayan kowane sunan wuri da kwanan wata da sunayen waɗanda suka je, kofi ɗaya wurin mai gari, ɗaya a Kofo ta komin. Hoton ɓarna kuma, in shanu sun shiga gona ko an nome burtali, wurin sarki da Kofo za a kai shi. Don Allah kada a fara da WhatsApp, mun ga yadda hoto ɗaya ke tayar da ƙauye kafin a ji ta bakin kowa.

Ƙauyukan da suka yarda su ba da sunayen mutum biyu-biyu kafin mu watse, don a fara zagayen farko da an saki gonaki bana.